Wane abinci ne ke tayar da farfaɗiya, kuma ana iya shawo kanta da abinci?

Tambaya: Ɗana yana da shekara 9, shekara biyu ke nan da likita ya ce farfaɗiya ce ke damunsa. Yana shan kabamazepin safe da dare, amma har yanzu takan buge shi sau biyu ko uku a wata. 'Yan'uwa kowa da abin da yake cewa in hana shi. Yanzu haka na daina ba shi ƙwai da madara da nama da duk wani abu mai zaƙi, yaron har ya rame. Sai kuma na ji wai akwai abincin keto da ke warkar da ciwon ba tare da magani ba. Don Allah likita, wane abinci ne ke tayar da ita? Kuma in sa shi a keton in bar maganin?

Amsa: Malama, sannu da jinya, Allah ya ba yaro lafiya. Bari in fara da abu biyu da ba sa jiran dogon bayani. Kada ki tsayar da maganin nan ko na kwana ɗaya. Wanda jikinsa ya saba da kabamazepin, in aka yanke masa shi farat ɗaya, farfaɗiyar na iya tasowa ta ƙi sauka, irin wadda ke wuce minti biyar, kuma ita ce mai kai mutum ɗakin gaggawa, wani lokacin ma ta yi ajali. Na biyu, ki mayar masa da ƙwansa da madararsa da namansa tun daga yau. Babu ɗaya a cikinsu da aka tabbatar yana tayar da farfaɗiya, kuma yaro mai shekara 9 da ke ramewa ya ƙara wata matsalar a kan wadda yake da ita.

Na fahimci yadda aka kai ga haka. Yaro yana cin abinci sau uku ko huɗu a rana, saboda haka duk ranar da ciwon ya tashi, ba makawa akwai abin da ya ci kafin nan. Idan ƙwai ne, laifi ya hau kan ƙwai. Wani watan ya faɗi bayan ya sha madara, ita ma a soke ta. Kwanaki ashirin da ya ci ƙwan bai faɗi ba kuwa, ba wanda ya ƙirga su. Na taɓa ganin wata uwa da ta shigo ofishina da takarda a naɗe a gefen jaka, ta rubuta abinci goma sha huɗu da ta haramta wa 'yarta. Na ajiye takardar na ce mu bi faɗuwa uku na ƙarshe ɗaya bayan ɗaya, ta gaya mini yadda daren da ya gabace su ya kasance. Biyu daga ciki, yarinyar ta yi barci a kan kujera kafin lokacin maganin dare, uwar ta ji tausayin tashinta. Na ukun tana fama da zazzaɓi. An bar jaki ana ta dukan taiki har wata takwas.

Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna aika wa juna saƙo ne da ɗan lantarki, wasu na zuga, wasu na tsawatarwa. Farfaɗiya tana tashi idan masu zugar suka rinjayi masu tsawatarwar, tarin ƙwayoyi suka harba lokaci guda. Kowane ɗan'adam yana da iyakar da in aka ƙetare ta zai yi jijjiga, sai dai ta mai farfaɗiya ta fi kusa. Abin da magani ke yi shi ne ya matsar da iyakar nan nesa. Abubuwan da suka fi jawo ta kusa kuwa an san su: tsallake magani shi ne na gaba, sai ƙarancin barci, zazzaɓi ko wata rashin lafiya, damuwa mai tsanani, giya ga manya, da lokacin al'ada ga wasu mata. Abincin yau da kullum yana can baya ƙwarai a wannan layin. Amma ba zan ce miki baki da ciki ba su da hannu ko kaɗan ba. Suna da shi, ta hanyoyin da mutane ba su cika kallo ba.

Yunwa ta fi zaƙi haɗari. Ƙwaƙwalwa ba ta ajiyar abinci, da sukarin da jini ya kawo mata take aiki minti bayan minti. Idan sukarin jini ya faɗi ƙasa sosai, ko wanda bai taɓa farfaɗiya ba yana iya jijjiga. An fi ganin haka ga masu ciwon suga da suka yi allurar insulin ko suka sha ƙwaya sannan ba su ci abinci ba, da jarirai, da yaran da ba sa samun isasshen abinci. Akwai wani misali mai ban tausayi daga Muzaffarpur a Indiya, inda shekara da shekaru yara kan tashi da asuba suna jijjiga a lokacin da 'ya'yan itacen lici ke nuna, da yawa su mutu. Binciken da aka wallafa a 2017 ya gano cewa licin, musamman ɗanye, yana ɗauke da guba mai hana hanta ƙera sukari, kuma yaran da abin ya fi kamawa su ne waɗanda suka cika ciki da shi da rana suka kwanta ba su ci abincin dare ba. Irin gubar nan ce a ɗanyen ɗan itacen da ake kira aki, wadda aka daɗe da saninta a Jamaika. Ga yaronki darasin mai sauƙi ne: kada ya fita makaranta da wofin ciki, kada ya kwana da yunwa. Alawa ko lemon kwalba jefi-jefi ba za su tayar masa da ciwo ba. Ki rage su saboda haƙoransa, kamar yadda za ki yi wa kowane yaro.

Ruwa ma yana da nasa, kuma wannan ya shafe ku kai tsaye. Gishirin sodiyam a jini yakan tsaya tsakanin 135 da 145. Idan ya zube da sauri, musamman ƙasa da 120, ƙwayoyin ƙwaƙwalwa su kumbura, jijjiga ta biyo baya. Kabamazepin da ɗan'uwansa okskabazepin suna sa jiki ya riƙe ruwa, sodiyam ya ragu. Ga mafi yawan mutane raguwar ba ta kai ta damuwa ba, amma mai shan su bai kamata a ɗura masa ruwa lita-lita a zama ɗaya ba da sunan wanke ciki, kuma bai kamata a cire masa gishiri daga abinci gaba ɗaya ba. Ya sha idan yana jin ƙishi. In yana gudawa ko amai, ruwan gishiri da sukari na asibiti za a ba shi, a kuma tuna cewa ƙwayar da ya amayar nan take kamar bai sha ba ce, sai a tuntuɓi likita a ji ko za a maimaita.

Abu ɗaya tak da zan ce ki hana shi saboda maganinsa shi ne girefurut, babban lemon nan mai ɗaci-ɗaci, da ruwansa na kwali. Shi kansa ba ya tayar da farfaɗiya. Abin da yake yi shi ne ya toshe wani sinadari a hanji wanda ke farfasa kabamazepin kafin ya shiga jini, sai maganin ya taru fiye da ƙima. Yaro ya fara jiri, yana ganin abu bibbiyu, yana tangaɗi kamar mai maye, barci ya yi masa yawa. Tasirin kofi ɗaya na ruwansa yakan wuce kwana guda, don haka raba lokacin shansa da na magani ba ya warware komai. Lemon zaƙi na yau da kullum ba ya cikin wannan hukuncin, ya sha abinsa.

Kafeyin, wato sinadarin da ke cikin kofi da shayi da lemukan ƙara kuzari, hujjoji a kansa sun rabu. Babba mai farfaɗiya da ke shan kofi ɗaya ko biyu da safe, ban cika hana shi ba. Kofin gahawa guda yana da kamar miligiram 80 zuwa 100, kuma abin da ake ɗauka a matsayin iyaka ga lafiyayyen babba shi ne 400 a rana. Inda muke ganin ɓarna shi ne wurin matasa masu kwankwaɗar gwangwanin lemon kuzari uku ko huɗu don su kwana karatu ko wasan waya. A nan ma sau da yawa ba ka iya rabewa ko kafeyin ne ya kayar da shi ko rashin barcin da ya jawo. Yaro ɗan shekara 9 dai ba shi da abin yi da waɗannan gwangwanayen. Giya kuwa, ga manyan da za su karanta wannan amsa, haɗarinta ya fi yawa lokacin da take fita daga jiki, tsakanin awa 6 zuwa 48 bayan shan ƙarshe. Shi ya sa mutum zai rantse cewa ba ita ba ce tunda ba ya cikin maye lokacin da ya faɗi.

Akwai 'yan tsirarun abubuwa da su guba ne ga ƙwaƙwalwa da gaske. Karambola, ɗan itacen da in aka yanka shi yake fitowa kamar tauraro, yana da gubar da lafiyayyar ƙoda ke fitarwa ba tare da an sani ba, amma mai ciwon ƙoda, balle wanda ake yi wa wankin ƙoda, guda ɗaya na iya jawo masa shaƙuwa mai naci, ruɗewa, jijjiga, har mutuwa. 'Ya'yan itacen ginko da ake ci a Japan da China suna da gubar da ke hana bitamin B6 aiki, kuma yaran da suka ci da yawa sun sha yin jijjiga. A 1987, a tsibirin Prince Edward na Kanada, mutum sama da 100 suka kwanta bayan cin wasu halittun teku masu ɓawo da suka tara guba daga gansakukar ruwa, wasu suka yi jijjiga, wasu suka rasa ƙwaƙwalwar tuna abu, aƙalla uku suka mutu. Na kawo waɗannan ne don ki ga kamannin abincin da ke tayar da jijjiga da gaske: ana sanin sunan gubar, ana sanin yadda take aiki, kuma takan kama har wanda ba shi da farfaɗiya. Ƙwai da madara ba su da irin wannan tarihin.

Abin da ya fi ba ni tsoro a wannan rukunin ba a faranti yake ba, a kwalba yake. Haɗe-haɗen ganyaye da mayuka da ake sayarwa a matsayin ƙarin lafiya, wasunsu suna tayar da jijjiga kai tsaye, kamar kafur da man turare na yukaliftus idan aka sha. Wasu kuma suna sa hanta ta ƙone maganin farfaɗiya da sauri har ya daina aiki, kamar ganyen da Turawa ke kira St John's wort. Duk abin da wani ya kawo miki a kwalba ko a ƙulli, ki kai wa likitan yaron ya gani kafin ya shiga bakinsa.

Tunda na ambaci B6: rashinsa yana kawo jijjiga, kuma an ga haka ƙarara a Amurka a farkon shekarun 1950, lokacin da zafin da aka yi amfani da shi wajen sarrafa wata madarar jarirai ya lalata bitamin ɗin, jarirai suka riƙa jijjiga har aka gano dalili. Ƙarancin kalsiyam ko magnisiyam ma yana yi. Ki lura, duka ukun rashi ne. Wanda aka hana nama da ƙwai da madara, waɗannan ne ake rage masa.

Akwai kuma hanyar da abinci ke haifar da farfaɗiyar kanta tun daga tushe. Ƙwan tsilar alade, in ya shiga cikin mutum ta gurɓataccen ruwa ko ganyen da ba a wanke ba ko hannun mai girki, yana ƙyanƙyashewa ya je ya yi ƙunshi a ƙwaƙwalwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a yankuna da dama da tsilar ta yi katutu, ita ce sanadin kusan kashi 30 cikin 100 na farfaɗiya. Ba sai mutum ya taɓa cin naman alade ba, ƙwan daga bayan gidan wani mai ɗauke da tsilar yake fitowa. Hoton ƙwaƙwalwa yana nuna ta, kuma tana da magani.

Sinadarin ɗanɗano na monosodiyam gulutamet da zaƙin aspatem na lemukan da ba su da sukari sun sha zargi. An gwada aspatem a kan mutanen da suka rantse yana tayar musu da ciwon, aka riƙa ba su shi wani lokaci, wani lokacin kuma abin da ba shi ba, ba tare da sun san wanne ne ba, kuma ba a ga bambanci ba. Gulutamet na abinci kuwa kusan duka hanji ke cinye shi, ba ya isa ƙwaƙwalwa. Alkama ba ta da laifi sai ga mai cutar siliyak, wanda hanjinsa ba ya jure gulutin, kuma da gwaji ake gane shi. Sannan akwai wani nau'in farfaɗiya da ba a cika gani ba, an fi ba da rahotonsa daga Siri Lanka da Indiya, wanda cin abincin ne da kansa ke tayar da shi, tauna da haɗiya da cikar ciki, ko me aka ci.

To yaya za ki san ko yaronki yana da wani abu nasa na daban? Ki sayi ƙaramin littafi. Kowace rana layi ɗaya: ƙarfe nawa ya kwanta, ƙarfe nawa ya tashi, ya sha maganin safe da na dare a kan lokaci ko a'a, me ya ci, akwai zazzaɓi ko babu. Ranar da ya faɗi ki ƙara da lokaci, da minti nawa ta ɗauka, da yadda ta fara. A rubuta har ranakun lafiya, don su ne ma'aunin. Bayan wata uku ku zauna da likita. In wani abinci guda ya riƙa fitowa kafin faɗuwa, kuma ba ya fitowa a ranakun lafiya, sai a cire shi shi kaɗai na 'yan makonni a gani. Ɗaya-ɗaya ake yi. A nawa aikin, littafin nan ya fi tona asirin barci da magani fiye da na tukunya.

Yanzu keto. Abin da kika ji yana da tushe, sai dai an yanke masa kai da ƙafa kafin ya iso gare ki. Tun zamanin tsoffin likitocin Girka an lura cewa mai farfaɗiya in ya daina cin abinci na kwanaki, faɗuwarsa takan ragu. A 1911 wasu likitoci biyu a Faris, Guelpa da Marie, suka rubuta sakamakon gwada hakan a kan marasa lafiya. Matsalar a fili take, ba wanda zai zauna da yunwa har abada. A 1921 Russell Wilder na asibitin Mayo a Amurka ya kawo dabara: idan aka hana jiki sitaci da sukari aka cika shi da maiƙo, hanta za ta riƙa ƙera sinadaran kiton kamar yadda take yi lokacin yunwa, ƙwaƙwalwa ta koma aiki da su, alhali mutum yana cin abinci. Tsarin ya yi tashe har maganin fenitoyin ya fito a 1938, magunguna suka yi ta ƙaruwa, aka kusa mantawa da shi. Ya farfaɗo ne bayan 1993, lokacin da wani mai shirya finafinai a Amurka, Jim Abrahams, ya kai ɗansa da magunguna da tiyata suka gaza a kansa asibitin Johns Hopkins, aka sa shi a tsarin, faɗuwar ta tsaya. Shi ya kafa gidauniyar da ta yayata shi.

Ki ga yadda yake a faranti. Tsarin asali ana kiransa huɗu bisa ɗaya: kowane giram huɗu na maiƙo, giram ɗaya ne na furotin da sitaci a haɗe. Wato kashi 90 cikin 100 na kuzarin yaro daga maiƙo zai fito. A ce abincin rana na kalori 400 ne. Maiƙo giram 40, furotin da sitaci gaba ɗaya giram 10. Ƙwai ɗaya ya riga ya cinye kusan 6 daga cikin goman nan, ya kawo maiƙo kamar giram 5. Saura giram 4 na ɗan ganye, sai kuma a nemo sauran maiƙo giram 35, kusan cokali uku manya na bota, a san yadda za a yi yaro ya cinye shi. Yankan burodi guda ya haura abin da aka ware wa abincin duka. Ayaba ɗaya ta ninka giram goman nan fiye da sau biyu. Komai da sikeli ake aunawa, giram-giram, kuma sai ya suɗe farantin, domin maiƙon da ya rage a jikin kwano yana cikin lissafi. Maganin tari na ruwa mai zaƙi ko biskit ɗaya daga hannun abokin makaranta ya isa ya fitar da shi daga yanayin kiton, ciwon ya dawo. Iyayen da na ga sun yi nasara da shi, gidan gaba ɗaya ne ya shiga aikin, har malaman makaranta sai da aka zaunar.

Yana aiki? Ga wasu, ƙwarai. A gwajin da aka yi a Landan aka wallafa a 2008, an raba yara 145 da magani ya gaza a kansu gida biyu. Bayan wata uku, kashi 38 cikin 100 na waɗanda ke kan tsarin faɗuwarsu ta ragu da fiye da rabi, a ɗaya rukunin kuwa kashi 6 ne kawai. Wannan babban abu ne ga yaron da ke faɗuwa kullum. Amma ki juya lissafin: fiye da rabinsu ba su samu wannan raguwar ba, waɗanda suka rabu da ciwon kwata-kwata kuma 'yan kaɗan ne. Kuma dukansu suna shan magungunansu aka ɗora musu tsarin a kai. Rage magani, in ma za a yi, daga baya ne, a hankali, bayan an ga sakamako. Akwai cututtuka ƙalilan da keton shi ne maganinsu na farko, kamar wadda sukari ba ya iya ƙetarawa daga jini zuwa ƙwaƙwalwa yadda ya kamata, wadda ake kira rashin Glut1. Yana kuma taimakawa sosai a wasu nau'o'i masu tsanani na yara irin su Dravet da Doose.

Kuɗin da jiki ke biya ba kaɗan ba ne. Taurin bayan gida yara da yawa na yi. Akwai amai da kasala a farkon farawa, faɗuwar sukarin jini, jini ya yi tsami, kitsen jini ya hau, girma ya ja baya, ƙashi ya yi rauni. Kamar yaro ɗaya cikin ashirin yakan samu tsakuwar ƙoda, kuma haɗarin yakan ƙaru ga mai shan maganin farfaɗiya na topiramet. Dole a haɗa da bitamin da kalsiyam da sauransu, don tsarin ba ya kawo su isassu, kuma rashin sinadarin seleniyam ya taɓa lalata zuciyar wasu yara. Mafi muni, akwai yaran da aka haifa jikinsu ba ya iya ƙona maiƙo yadda ya kamata, ba a kuma sani ba sai an gwada. Irin wannan yaron in aka hana shi sitaci aka ɗura masa mai, an toshe masa hanyar kuzari duka biyun, yana iya suma ya mutu. Shi ya sa ake gwajin jini da fitsari kafin a fara, a ci gaba da bibiya duk bayan 'yan watanni, da likita da masanin abinci a tare. Ana ba tsarin wata uku a ga ko zai yi. In ya yi, akan ci gaba kamar shekara biyu sannan a duba yiwuwar sassautawa. Keton da mutane ke yi don rage ƙiba suna kwaikwaya daga bidiyon intanet, suna ne kawai ya haɗa su.

An samar da masu sauƙi daga baya. Akwai wanda ya dogara da wani irin mai da ake tacewa daga kwakwa, tun 1971, wanda ke ba da damar ƙarin sitaci. Akwai tsarin Atkins da aka gyara a Johns Hopkins a 2003, wanda ba a auna furotin da maiƙo, sitaci kawai ake taƙaitawa zuwa giram 10 ko 20 a rana, kuma shi aka fi ba matasa da manya. Akwai kuma wanda ke barin giram 40 zuwa 60 na sitacin da ba ya ɗaga sukarin jini da sauri. Duk da sauƙinsu, su ma a hannun asibiti ake yin su.

Ga yaronki, a ganina lokacin keto bai yi ba. Ƙa'idar ita ce a fara tunaninsa idan magunguna biyu da suka dace, a kan adadin da ya dace, sun kasa. Shi yana kan na farko. Cikin mutum kusan miliyan 50 da ke da farfaɗiya a duniya, har kashi 70 cikin 100 za su iya rabuwa da faɗuwa idan aka dace da magani, kuma ban ga dalilin fitar da shi daga cikinsu tun yanzu ba. Abin da zan so a duba shi ne wannan. Maganin yara da nauyin jiki ake auna shi, to yaushe rabon da a ɗora shi a sikeli a sake lissafi? Adadin da ya ishi ɗan shekara 7 ba lallai ya ishi ɗan shekara 9 ba. Sannan wace irin farfaɗiya ce? Kabamazepin yana da kyau ga wadda ke farawa daga sashe ɗaya na ƙwaƙwalwa, amma yana iya tsananta wasu nau'o'in, kamar mai sa yaro ya ƙura ido ya ɗauke na 'yan daƙiƙu, ko mai fizgar hannu da sassafe. In wani a gida zai iya ɗaukar bidiyon faɗuwar da waya tun daga farkonta, ya fi duk wani bayanin baki amfani a wurinmu. Ki kuma roƙi a gwada sodiyam, a duba bitamin D, domin kabamazepin da fenitoyin da fenobabital suna sa hanta ta ƙone shi da sauri, ƙashi ya raunana a tsawon shekaru. Wannan ma wani dalilin ne na mayar masa da madararsa.

Abu na ƙarshe da ya shafi baki: lokacin da ciwon ya buge shi, kada a sa masa komai a ciki. Ba cokali, ba yatsa, ba ruwa, ba magani. Ba zai haɗiye harshensa ba, amma ruwan da aka ɗura masa zai iya wucewa huhu. A janye abin da zai ji masa rauni, a sa wani abu mai laushi a ƙarƙashin kansa, a juya shi ya kwanta a gefe, wani ya duba agogo. In ta kai minti biyar ba ta sake shi ba, ko wata ta biyo baya bai farfaɗo ba, a nufi asibiti nan take. Abinci da ruwa sai ya dawo hayyacinsa sosai, ya gane ki, ya amsa magana.